Yaron da Aji Ya Gundura: Wa Zai Buɗe Masa Ƙofar Aiki?

Duk malamin sakandare, a kowace ƙasa yake, ya san wani irin ɗalibi. Ba daƙiƙi ba ne, kuma sau da yawa ba ya cikin masu tada rigima. Yakan zo ya zauna can baya, jikinsa na aji, hankalinsa na wani wuri dabam. Da ya kai shekara 15 ko 16 sai fashi ya fara, yau ya zo gobe babu, har wata rana a ga an daina kiran sunansa a rajista. In ka tare shi ka tambaye shi dalili, amsar ba ta wuce cewa bai ga inda wannan karatun zai kai shi ba. Domin irinsa ne aka ƙirƙiro makarantun sakandare masu tsari na daban, inda ɗalibi ke raba makonsa tsakanin aji da wurin aiki, ko kuma a gina darussansa gaba ɗaya a kan wani fanni kamar kiwon lafiya, lantarki, gini ko kwamfuta. Ina goyon bayan irin waɗannan makarantu. Sai dai dalilina ya sha bamban da wanda aka saba ji, kuma akwai da yawa cikinsu da ba zan yarda a kai ɗan kowa ba.

Dalilin da aka saba ji shi ne, ai ba kowa ne zai je jami'a ba, wanda ba shi da kan karatu a koya masa sana'a ya rufa wa kansa asiri. Maganar tana da daɗin ji, amma ka lura da masu faɗinta: kusan kullum a kan 'ya'yan wasu suke magana. Nasu suna can ana shirya su domin likitanci da lauya. Ban da haka, maganar ta ɗauka cewa abin da yaron ya rasa ƙwarewar hannu ce kawai, da an sa shi gaban inji ya iya juya shi, shi ke nan an gama. A ganina abin da ya fi rasawa shi ne babban mutum a duniyar aiki wanda ya san sunansa, ya ga yadda yake aiki, kuma zai iya cewa, na san shi, ku ɗauke shi.

Akwai wani bincike daga Amurka da ya sa na tsaya a kan wannan ra'ayi. Tun 1969 aka fara wani tsari a birnin Filadalfiya, inda ake ware ƙaramin rukuni na ɗalibai a cikin babbar sakandare, su riƙa tafiya tare da malamai ƙalilan na shekara uku ko huɗu, darussansu na jingine da wani fannin aiki, kamfanonin yankin kuma suna karɓarsu ziyara da horo. Tsarin ya bazu zuwa dubban makarantu. Wata cibiyar bincike mai suna MDRC ta bi sawun matasa kusan 1,400 daga makarantu 9. Da yake masu neman shiga sun fi gurbi yawa, da ƙuri'a aka zaɓi waɗanda suka shiga, don haka ba za a ce an tsinci masu ƙoƙari ne tun farko ba. Rahoton da ya fito a 2008, shekara 8 bayan lokacin gama sakandarensu, ya nuna waɗanda suka shiga tsarin suna samun kuɗin da ya ɗara na takwarorinsu da kimanin kashi 11 cikin 100 a shekara. A tsakanin samari maza tazarar ta kai kashi 17.

Abin da ya fi jan hankalina a rahoton shi ne abin da bai canza ba. Yawan waɗanda suka gama sakandare kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Yawan waɗanda suka wuce manyan makarantu ma haka. Wato takardun da ke hannunsu iri ɗaya ne, amma aljihunsu ya bambanta. To daga ina ƙarin ya fito? Babban bambancin da aka gani tun suna makaranta shi ne, 'yan tsarin sun fi shiga wuraren aiki, sun fi yin horo a kamfani, sun fi haɗuwa da manya masu aikin yi. Fassarar da nake yi wa wannan ita ce, makarantar ta ba ɗan talaka abin da ɗan mai hali ke samu a gida ba tare da ya sani ba.

Ɗan mai hali yana girma yana jin yadda ake maganar aiki a teburin gidansu. Ya san yadda ake rubuta wa shugaba saƙo, ya san ba a shiga taro a makare, ya san wa ake kira in ana neman gurbi. Idan hutu ya zo, abokin babansa ya ce ya zo ofis ya zauna wata guda ya ga yadda ake yi. Babu wanda ya kira wannan darasi, babu jarrabawarsa, amma shi ne ke raba masu samun aikin farko da masu yawo da takarda. Yaron da iyayensa ba su taɓa aiki a irin waɗannan wurare ba, ko ya fi kowa maki, yana isa bakin ƙofa a matsayin baƙo.

Mu ɗauki yarinya 'yar shekara 16 da aka tura ɗakin karɓar marasa lafiya na wani ƙaramin asibiti kwana biyu a mako. Makon farko wayar ofis na ƙara sai ta kalli ta kusa da ita, don ba ta taɓa amsa kiran baƙon da ke cikin damuwa ba. Ta rubuta sunan wani ba daidai ba a kwamfuta, aka yi minti ashirin ana neman fayil ɗinsa yana tsaye yana huci. Ba wanda ya rage mata maki. Matar da ke kula da ita ta jira har mutumin ya tafi, sannan ta nuna mata yadda ake maimaita wa mutum sunansa harafi bayan harafi kafin a danna. A aji an sha gaya mata ta riƙa duba rubutunta, tana ji ta kunnen dama yana fita ta hagu. A nan ta ga fuskar wanda kuskurenta ya wahalar. Bayan wata uku ita ce ke lura cewa ranar Litinin layi ya fi tsawo, ta zo da wuri ta fito da fayiloli tun kafin a buɗe. Ranar da za ta nemi aiki a wani wuri, akwai lambar wayar da za ta rubuta, kuma mai lambar tana da abin faɗa. Wannan ba ya samuwa a ɗakin gwaji na makaranta, komai tsadar kayan da aka zuba a ciki, domin a can kowa ya san wasa ake yi.

Ƙasashen da suka fi kowa fahimtar wannan su ne Suwizalan da Jamus, kuma ya kamata a dubi yadda abin ke tafiya a aikace, don mutane na yawan ambaton su ba tare da sun san inda ƙarfin yake ba. A Suwizalan kimanin kashi biyu cikin uku na matasa ne ke bin hanyar koyon aiki bayan sun gama karatun dole, suna da shekara 15 ko 16. Akwai sana'o'i sama da 200 da za su zaɓa, kuma ba aikin hannu kaɗai ba: aikin ofis da banki, kula da marasa lafiya, sayar da kaya, harkar kwamfuta, duk suna ciki. Yaro ne ke rubuta takardar neman gurbi, a kira shi ganawa, in an ɗauke shi a sa hannu a yarjejeniya tsakaninsa da kamfani, iyayensa su sa nasu, hukuma ta amince. Kwana uku ko huɗu yana wurin aiki, kwana ɗaya ko biyu yana makaranta, na tsawon shekara uku ko huɗu. Ana biyansa duk wata, kuɗin na ƙaruwa shekara bayan shekara.

A Jamus dokar da ke tafiyar da tsarin ta fito ne a 1969, kuma akwai sana'o'i sama da 300 da gwamnati ta amince da su, kowace da rubutaccen bayani kan abin da dole a koya wa almajirinta. Tun 2020 aka sa mafi ƙarancin abin da za a biya shi, wanda ya fara daga Yuro 515 a wata a shekarar farko. Akwai wani ɗan abu da nake ganin ya fi manyan jawabai bayyana ruhin tsarin: littafin rahoto. Almajiri yana rubuta abin da ya yi da abin da aka koya masa, mai horar da shi ya duba ya sa hannu, kuma ba a barinsa ya zauna jarrabawar ƙarshe sai littafin ya cika. Idan kamfani ya mayar da yaro ɗan aike da mai shara na wata shida, littafin zai tona. Jarrabawar kuma ba kamfaninsa ke shirya ta ba, ba makarantarsa ba. Majalisun 'yan kasuwa da masu sana'a ne ke kafa kwamiti mai wakilan masu kamfani, na ma'aikata da na malamai. Saboda haka takardar da ya samu a wani ƙaramin gareji tana da daraja a kowane gari na ƙasar.

Me ya sa kamfanoni suke yarda da wannan ɗawainiya? Ba don tausayi ba ne. Masanin tattalin arziki Stefan Wolter da abokan aikinsa sun sha auna abin da kamfanonin Suwizalan ke kashewa da abin da almajirai ke samar musu, kuma sakamakon ya nuna a matsakaici kamfani na mayar da kuɗinsa kafin horon ya ƙare. Shekarar farko asara ce, yaro na ɓata kaya yana cin lokacin ƙwararre. Shekarar ƙarshe kuwa yana yin aikin da ya kusa na cikakken ma'aikaci a kan ɗan ƙaramin albashi. Tsawon zangon ne ke sa lissafin ya fita. Shi ya sa horon sati biyu ko uku da wasu makarantu ke alfahari da shi ba ya tsinana komai: kamfani ba zai ɓata lokaci a kan wanda zai tafi kafin ya fara amfani ba, sai a ba shi kujera a lungu ya yi ta kallon agogo.

Kuma hanyar ba ta da rufi. Sergio Ermotti, wanda ya shugabanci katafaren bankin UBS na Suwizalan, ya fara ne a matsayin almajiri a wani banki a garin Lugano yana ɗan shekara 15. Ba na kawo shi don in ce kowane almajiri zai zama shugaban banki ba. Na kawo shi ne don a ga cewa a ƙasar da mai kuɗi ma zai iya tura ɗansa koyon aiki ba tare da jin kunya ba, tsarin ba ya lalacewa, saboda masu faɗa a ji suna da nasu a ciki. Tun shekarun 1990 Suwizalan ta ƙara wata jarrabawa da almajiri zai iya haɗawa da horonsa ko ya yi bayansa, wadda ke shigar da shi jami'o'in ilimin aiki kai tsaye, da ƙarin wata jarrabawar kuma ya shiga kowace jami'a.

Yanzu a dubi abin da ke faruwa idan aka kwaikwayi siffar aka bar ruhin. A 2011 Farfesa Alison Wolf ta gabatar wa gwamnatin Ingila rahoto kan karatun sana'a, inda ta ce aƙalla matasa 350,000 'yan shekara 16 zuwa 19 suna bin kwasa-kwasan da ba su da wata daraja a kasuwar aiki. Takardu ne da aka ƙirƙira, makarantu na tura yara cikinsu saboda suna da sauƙin ci kuma suna gyara wa makaranta matsayinta a jadawalin kwatanta makarantu, masu ɗaukar aiki kuwa ba su san da zamansu ba. A daidai wannan lokaci aka fara buɗe wasu sababbin kwalejojin fasaha na 'yan shekara 14 zuwa 19, da gine-gine masu kyau da injuna na zamani. Ofishin binciken kuɗi na ƙasar ya ba da rahoto a 2019 cewa 10 daga cikin 58 da aka buɗe sun riga sun rufe, waɗanda suka rage kuma ba su cika ko rabin kujerunsu ba. Wasunsu sun yi kyau, musamman inda wani babban kamfani ya riƙe su da gaske. Amma iyaye da yawa ba su ga dalilin cire yaro daga makarantarsa yana shekara 14 ba, kuma an yi ta ƙorafin cewa wasu makarantun da ke kewaye sun mayar da kwalejojin wurin sauke ɗaliban da suka gaji da su.

Wannan na ƙarshe shi ne tsohon ciwon karatun sana'a, kuma duk mai goyon bayansa dole ya dube shi ido da ido. Lokacin da Amurka ta kafa dokar Smith-Hughes a 1917, wadda ta fara zuba kuɗin tarayya a koyar da noma, sana'o'in masana'antu da kula da gida a sakandare, ta ware kuɗin da hukumar da ke kula da su daga sauran karatu. Tun kafin dokar, masanin falsafa John Dewey ya yi ta jayayya da masanin ilimi David Snedden a kan wannan rabuwa. Dewey ba ya ƙin aikin hannu a makaranta, shi ne ma babban mai kiran a koya ta hanyar yi. Abin da ya ƙi shi ne a ware 'ya'yan ma'aikata a horar da su don su dace da masana'antu yadda suke, a bar 'ya'yan masu hali da ilimin da ke sa mutum ya yi tambaya. Shekarun da suka biyo baya sun nuna tsoronsa na da tushe. A makarantu da yawa, launin fata da aljihun uba su ne suka riƙa yanke wa yaro ajin da zai shiga, ana kiran abin da sunan baiwa.

Jamus ɗin da ake yabo ma ba ta tsira ba. A yawancin jihohinta ana raba yara zuwa makarantu daban-daban tun suna da kimanin shekara 10, kuma an daɗe ana nuna cewa matsayin iyaye na da tasiri sosai a wannan rabo. Sannan gurbin koyon aiki kamfani ne ke ba da shi, kamfani kuwa zaɓe yake yi. Matasa sama da 200,000 a kowace shekara suna faɗawa cikin kwasa-kwasan jiran gurbi, waɗanda ba sa ba da cikakkiyar takardar sana'a, kuma yawancinsu masu raunin sakamako ne da 'ya'yan baƙin da suka yi ƙaura zuwa ƙasar. Wato yaron nan da muka fara maganarsa, wanda ya fi kowa buƙatar wani ya tsaya masa, shi ne kamfani ya fi gudu. In an bar kasuwa ita kaɗai, tsarin zai ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne. A nan ne makarantar da aka kafa musamman domin masu shirin barin karatu take da aikin da babu mai yi sai ita: ta je ta nemo gurbin, ta shirya yaron, ta ce wa kamfani in ya yi fashi mu za ku kira, mu za mu je gidansu.

Akwai kuma hujjar da ta fi kowace nauyi a kan ra'ayina, ba zan ɓoye ta ba. Masana tattalin arziki Eric Hanushek da Ludger Woessmann da abokan aikinsu sun kwatanta ƙasashe da dama, suka gano cewa masu karatun sana'a sun fi saurin samun aiki a ƙuruciya, amma fifikon na raguwa da shekaru, har ya juye a wajen tsufa, musamman a ƙasashen da koyon aiki a kamfani ya fi ƙarfi. Dalilin a bayyane yake. Fasaha na canzawa, sana'ar da aka ƙware a kai tana da shekara 18 ba lallai ta kai mutum 55 ba, kuma wanda karatunsa da lissafinsa suka yi rauni yana shan wuyar koyon sabon abu. Ban ɗauki wannan a matsayin dalilin rufe makarantun ba, domin yaron da ya bar sakandare gaba ɗaya ba shi da na farkon balle na ƙarshen. Abin da binciken ke gaya mini shi ne, duk makarantar da ta rage wa ɗalibi karatu, rubutu da lissafi da sunan ai shi ɗan sana'a ne, ta cuce shi, sai dai cutar ba za ta bayyana ba sai bayan shekara talatin, lokacin da babu wanda za a tuhuma. Kuma rage su ma bai zama dole ba. Yaron da ya ƙi lissafi a allo yakan koye shi ranar da ya auna waya ya yanke ta gajarta, maigida ya ce a sake.

Sai maganar da ba a son yi a wajen bikin buɗe irin waɗannan shirye-shirye, wato rayukan yara. A watan Nuwamba na 2017 wani ɗalibin sakandaren sana'a a tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu ya mutu bayan inji ya danne shi a masana'antar kayan sha da aka tura shi horo. A Oktoban 2021 wani ɗalibin ya nutse a garin Yeosu, an sa shi nitso ya kankare ƙasan jirgin ruwan shaƙatawa, aikin da doka ta hana a ba mai shekarunsa. A Italiya, inda dokar 2015 ta wajabta wa ɗaliban sakandare sa'o'in zama a wurin aiki, wani ɗan shekara 18 ya mutu a wata masana'anta kusa da Udine a Janairun 2022, a ranar ƙarshe ta horonsa, ɗalibai suka fito zanga-zanga a birane da dama. Ɗalibin da ke horo ya fi kowane ma'aikaci rauni. Ba shi da ƙungiya, bai san haƙƙinsa ba, yana tsoron in ya ƙi aiki a mayar da shi makaranta a ce ya ba da kunya. Idan kuma ana auna makarantar da yawan ɗaliban da ta tura kamfanoni, to ita ma tana da dalilin kau da kai. Malamin da zai je wurin ba tare da sanarwa ba, ya ja yaron gefe ya tambaye shi me aka sa ka jiya, kuma yana da ikon cire shi a ranar, ya fi mini duk wata yarjejeniya da aka sa hannu gaban 'yan jarida.

A Amurka akwai gwaje-gwaje biyu da nake bi da sha'awa, ko da yake ba ɗaya nake ganinsu ba. Makarantar P-TECH da aka buɗe a Brooklyn a 2011, haɗin gwiwar hukumar ilimin birnin New York, jami'ar birnin da kamfanin IBM, tana ɗaukar shekara shida, ɗalibi ya fita da takardar sakandare da digirin shekara biyu ba tare da ya biya ba, yana da mai ba shi shawara daga kamfanin, kuma yana kan gaba a layin ganawa in gurbi ya samu. Ba a yin jarrabawar shiga. Wannan ya yi mini, saboda ya haɗa ƙofofin biyu, ta aiki da ta ƙarin karatu, a gida ɗaya. Ɗayar ita ce Cristo Rey, makarantar Katolika da aka fara a Chicago a 1996 domin 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Ɗalibai huɗu ne ke raba gurbin aiki ɗaya a banki, asibiti ko ofishin lauyoyi, kowa kwana biyar a wata, kuɗin da kamfani ya biya kuma ya tafi asusun makaranta ya rage kuɗin karatu. Dabara ce mai kyau, ta kai yaran unguwannin talakawa cikin ofisoshin da ba su taɓa tunanin shiga ba, kuma manufarta jami'a ce. Duk da haka akwai abin da ke ɗan sosa mini rai: ɗan shekara 14 ya yi aiki don ya biya karatun da sa'ansa ke samu ba tare da ya ɗaga tsinke ba. Ba na zargin waɗanda suka kafa ta, sun yi abin da za su iya da abin da ke hannunsu. Amma ba zan so gwamnati ta ga wannan ta ce ta samu hanyar sauke nauyinta ba.

Wani zai ce duk wannan ya yi, amma ina za a samu gurabun? Yawancin masu ɗaukar aiki a duniya ƙanana ne, mutum biyar ko goma, ba su da ofishin kula da ma'aikata, ba su da lokacin cika takardu, kuma aikinsu bai da faɗin da zai koya wa yaro dukan sana'a. Ingila ta ci karo da wannan tun da ta fara sabuwar takardar karatun sana'a mai suna T Level a 2020, wadda ta wajabta aƙalla kwana 45 a wurin aiki: samo gurabun ya zama ɗaya daga cikin manyan matsalolin kwalejoji. Norway ta daɗe da samun wata mafita. A tsarinta na shekara biyu a makaranta, shekara biyu a kamfani, ƙananan kamfanoni kan haɗu su kafa ofishin horo na haɗin gwiwa. Ofishin ne ke riƙe takardu, ya karɓi tallafin gwamnati, ya bi sawun almajiri, in kamfani ɗaya ba shi da wani ɓangaren aikin a kai shi wani ya cike. A Suwizalan ma akwai irin wannan haɗaka inda almajiri ke zagaya kamfanoni da dama a ƙarƙashin yarjejeniya ɗaya. Kuɗin da ake kashewa a nan albashin mutane ne masu yawo tsakanin makaranta da wuraren aiki, suna lallashin masu kamfani, suna sasanta rigimar yaro da maigidansa kafin ta kai ga kora. Ba a yanka zare a kansu, ba sa fitowa a hoto, shi ya sa idan kasafi ya matse su ake fara sallama, a bar injunan a ɗakin gwaji lulluɓe da leda.